DARASI: AMANAR ƘANANAN YARA A MAKARANTAR RAINO

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi sunnarsa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa Musulmi, darasinmu na yau a kan makarantun raino ne, waɗanda ake kira nazare, watau inda ake kai yara ƙanana kafin su isa shiga firamare. Da can sai a manyan birane ake ganinsu. A Nijeriya manufar ilmi ta 1977 ta amince da su, amma ta bar yawancin aikin buɗe su a hannun jama'a. Yanzu ga su nan unguwa-unguwa, har da waɗanda mu da kanmu muka buɗe a jikin Islamiyyoyinmu. To, ga tambaya: ka san abin da ke samun ɗanka daga sa'ad da ka sauke shi a bakin ƙofa zuwa sa'ad da ka komo ɗaukarsa?

Ka sani, ba da yaro raino ba laifi ba ne. Annabi (S.A.W.) kansa a hannun Halimatus Sa'adiyya ya yi ƙuruciyarsa. Shi ma da aka haifa masa Ibrahimu, sai ya ba da shi shayarwa a gidan wani maƙeri, can gefen Madina. Amma dubi abin da Muslim ya ruwaito daga Anas: Manzon Allah yakan taka da kansa har gidan, ya shiga alhali hayaƙin maƙera ya cika shi, ya ɗauki yaron ya sumbace shi, sa'an nan ya komo. Shugaban al'umma ke nan, da dukan abin da ke kansa. Kai fa, wane aiki ya hana ka? Allah Ya umurci muminai a Suratut Tahrim, aya ta 6, su tsare kansu da iyalinsu daga wuta. Biyan kuɗin makaranta ba ya sauke wannan nauyi. Saboda haka ka je, kuma in ka je ka duba abu uku.

Na farko, halin mai raino. Ita ce makarantar, ba fentin bango ko allon da ke bakin titi ba. Tsaya ka ga yadda take yi da yaron da ke kuka, da wanda ya yi fitsari a wando. Ummu Ƙaisi ta kawo jaririnta wurin Annabi (S.A.W.), ya ɗora shi a cinyarsa, yaron ya yi masa fitsari a tufa. Me ya yi? Ruwa kurum ya nema ya yayyafa. Babu tsawa, babu ɓata fuska. Anas ya yi masa hidima shekara 10, bai taɓa kyarar sa ba. Kuma ka lura da hadisin Abu Dawuda: salla, wadda ita ce ginshiƙin addini, ba a ce a umurci yaro da ita ba sai ya shekara 7, ba a kuma yi zancen duka ba sai ya kai 10. To, ina hujjar mai tsula wa ɗan shekara 3 bulala don ya kasa rubuta baƙi? Ibnu Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya bayyana cewa tsanantawa ga ƙaramin almajiri tana koya masa ƙarya da yaudara, domin tsoro kan sa shi ya nuna abin da ba shi ne a zuciyarsa ba. Gaskiya ne icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma tanƙwarawa aka ce, ba karyawa ba.

Na biyu, tsaron jiki. Ƙirga yaran ɗakin, ka ƙirga manyan da ke kansu. Mace ɗaya, kome kirkinta, hannu biyu gare ta. In aka tara mata yara 40, yayin da take wanke ɗaya wa ke duban sauran? Leƙa bayan gida. Akwai ruwa da sabulu? Rijiya a rufe take? Ƙofar waje fa, wa ke tsaron ta, kuma wa ake miƙa wa yaro in an tashi? Gudawa da ƙyanda suna saurin yaɗuwa inda yara suka taru, don haka wanke hannu da allurar rigakafi kama sababi ne, ba su saɓa wa tawakkali ba. Wadda kuwa ta ɗura wa yaro lafiyayye magani don ya yi barci ta huta, lalle ta ci amana, kuma ta jefa ransa cikin haɗari.

Na uku, abin da ake zuba masa. Hadisin Abu Huraira ya nuna kowane yaro a kan fiɗira ake haihuwarsa, iyaye ne ke karkatar da shi. Wanda ka danƙa wa ɗanka rabin yini ya shiga cikin wannan aiki. Kada ka ruɗu don yaro ya dawo yana rera Turanci kamar aku, alhali bai san ma'anar ko kalma ɗaya ba. Koyon Turanci ba aibu ba ne, amma yaro da harshen da ya sani yake fara fahimta. Dubi yadda Annabi (S.A.W.) ya koyar da Umaru ɗan Abu Salama yana yaro, hannunsa na yawo cikin akushi: a hankali ya nuna masa ya ambaci sunan Allah, ya ci da dama, ya ci na gabansa. Abu uku gajeru, a daidai lokacinsu, kuma yaron bai sake barin su ba. Irin wannan muke nema: sallama, addu'ar cin abinci, gajerun surori, faɗin gaskiya, jiran layi, tare da wasa isasshe, domin wasa ga yaro karatu ne. Kada a tsorata shi da dodo, kada kuma a rataya masa laya. A dasa masa son Allah da dogara gare Shi tun yanzu.

Ku kuma 'yan'uwa masu makaranta da 'yan kwamiti, ku ji tsoron Allah. Sa wa makaranta sunan Musulunci ba ya gyara abin da ke cikinta. Ku horar da malamanku mata, ku biya su hakkinsu a kan kari. Wadda ta yi wata biyu ba albashi, da wace zuciya za ta rarrashi ɗan wani? Kada ku karɓi yara fiye da ƙarfinku don kwaɗayin kuɗi, kuma kada ku hana iyaye shiga.

Ɗan'uwa, gani ya kori ji. A cikin makon nan ka je ba da sanarwa ba, ko uwar yaron ta je, a zauna ko da rabin sa'a ne. In ka ga alheri ka gode wa mai raino, ka yi mata addu'a. In ka ga ɓarna ka yi nasiha a asirce; in ba a gyara ba, ka ɗauke ɗanka. Shi ba ya iya kai ƙara, kai ne bakinsa, kuma kai za a tambaya gobe kiyama.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya ba mu ikon riƙon amana. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.