Kimiyyar da ke Cikin Haɗa Ƙaramar Kanta

A gidajen ƙasa na cikin birnin Kano, littattafai kan lalace saboda ajiye su a ƙasa, inda gara da danshin damina ke samun su. Ƙaramar kanta ta katako tana magance wannan, kuma ɗalibin sakandare zai iya haɗa ta a gida. Sai dai ƙarfinta ya dogara ne kan wasu ƙa'idoji na kimiyya.

Ƙa'ida ta farko ita ce ta tazara da kauri. Tun a shekarar 1638 masani Galileo na ƙasar Italiya ya yi rubutu kan ƙarfin katako mai ɗauke da nauyi. Lissafin da masana suka kammala daga baya ya nuna cewa idan aka ninka tsawon katako sau biyu, nauyin da ke kansa bai canza ba, to lanƙwasarsa za ta ƙaru sau 8. Idan kuwa kaurinsa aka ninka sau biyu, lanƙwasar za ta ragu sau 8. Maginan Kano sun daɗe da sanin haka a aikace. Azara ba ta jure doguwar tazara, shi ya sa suke yi wa manyan soraye bakan gizo, kamar yadda ake gani a Gidan Makama.

Kayan aiki su ne zarto, guduma, ƙusoshi masu inci 2, gam, tef na awo da samfefa. A kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa ana samun katako mai kaurin inci 1, faɗin inci 12, tsawon ƙafa 12, wato kimanin santimita 366. Guda ɗaya ya isa. Za a yanke gefuna 2 masu santimita 85, da shimfiɗu 3 masu santimita 60. Jimla santimita 350 ke nan, ragowar kuma ta tafi a bakin zarto da tsagaggen ƙarshe. An zaɓi santimita 60 ne domin kada shimfiɗa ta lotsa, kasancewar littattafai na da nauyi.

Ƙa'ida ta biyu ta shafi ruwan da ke jikin katako. Yawancin katakon da ake sayarwa a Kano daga dazuzzukan kudu yake zuwa da ɗanyantakarsa. Da hunturu yakan bushe ya tsuke, musamman ta faɗinsa, har ya tsage ko ya karkace. Saboda haka a jingine shi a inuwa, inda iska ke ratsawa, na wasu makonni kafin a yanka.

Ƙa'ida ta uku ita ce ta kusurwa. Bayan an goge katakon, a shafa gam, a kafa ƙusa 3 a kowace mahaɗa. Sannan a auna daga kusurwar sama ta dama zuwa ta ƙasa ta hagu, a kuma auna ɗaya ɓangaren. Idan awon biyu ya zo daidai, kantar ta miƙe. Siffa mai kusurwa huɗu takan goce idan aka tura ta, amma mai kusurwa uku ba ta gocewa. Don haka a gicciya siririn katako a bayan kantar, daga wata kusurwa zuwa kishiyarta.

Gara daga ƙasa take tasowa, tana bin bango. A ɗora kantar kan bulo, a bar ɗan fili tsakaninta da bango, a riƙa dubawa. Manyan littattafai su zauna a shimfiɗar ƙasa, don kada ta rinjayo kan ƙananan yara.

Gwaji domin aji: malami ya ɗora rula ta katako kan bulo 2, ya aza dutse a tsakiyarta, ɗalibai su auna lanƙwasar. Sai a rage tazarar bulon zuwa rabi, a sake aunawa da dutsen nan, a kwatanta sakamakon da lissafin da ya gabata.