Koyon Lissafin Kuɗi Daga Nesa: Abin Da Ke Sa A Ci Nasara

'Yan'uwa ɗalibai, koyon ilmi ta hanyar wasiƙa ba baƙon abu ba ne. Tun zamanin Turawa akawuna na En'e su kan aika da kuɗinsu Ingila, makarantu irin su Wolsey Hall su aiko musu da darussa ta gidan waya. A ƙasarmu an kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna cikin 1976. Jami'ar Karatu daga Gida kuwa an kafa ta cikin 1983, aka dakatar da ita cikin 1984, sa'an nan aka farfaɗo da ita cikin 2002. Ga malamin makaranta ko akawu da ke zaune Isa ko Sabon Birnin Gobir, wanda ba shi da halin barin aiki da iyali, wannan ita ce ƙofar da ta rage masa. To, me ya sa wani ya ke gamawa, wani kuwa ya biya kuɗi ya watsar a tsakiya?

Na farko, tushe. Wanda bai ƙware da tarawa da ɗebewa da kaso cikin ɗari ba, ko kuwa Turancinsa bai kai ya fahimci tambaya ba, ya fara gyara wannan tukuna, gama babu malami kusa da zai lura da raminsa.

Na biyu, aikin hannu. Ƙa'idar da Luca Pacioli ya bayyana cikin littafinsa a Italiya cikin 1494 ita ce, kowane ciniki a rubuta shi sau biyu, gefen karɓa da gefen bayarwa. Ga misali. Falke ya sayi wake buhu 4 a kasuwar Sabon Birni kan naira 160,000, ya biya mota 8,000, ya sayar 180,000. Ribarsa 12,000 ke nan. Amma in mai saye ya biya rabi kaɗai, kuɗin da ya komo aljihunsa 90,000 ne, saura bashi ne, ribar kuwa ba ta sāke ba. Wanda ya karanta wannan da ido kawai zai ce ya gane. Sai ya ja layi ya shigar da kansa zai san inda ya ke tuntuɓe.

Na uku, lokaci. Darussan nan kamar gini su ke, kowane yana bisa na ƙarƙashinsa. Wanda ya tsallake mako uku da damina saboda noma, zai tarar na huɗu ya gagare shi. Gara sa'a guda kullum bayan Asuba da kwana biyu cur gab da jarrabawa.

Na huɗu, mai gyara. Mu da muka yi makarantar allo mun sani, ba a wanke allo sai malam ya ji karatu. Saboda haka ɗalibi ya nemi abokai biyu ko uku su riƙa duba wa juna, ya kuma riƙa aika wa malaminsa tambaya ba da jin kunya ba.

Na biyar, halin ƙasa. Cikin Satumba 2021 gwamnati ta rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, har da Isa da Sabon Birni. Wanda darussansa duka ke cikin intanet, karatunsa ya tsaya cik. Mai hankali ya kan sauke darussan zango duka ya buga a takarda tun da wuri, ya kuma tanadi kuɗin mota da masauki a Sakkwato kafin ranar jarrabawa.

Huɗu daga cikin biyar ɗin nan suna hannun ɗalibi, na biyar ma ana rage kaifinsa da shiri. Allah ya ba mu zaman lafiya da ilmi mai amfani, amin.