Harɗaɗɗen Suna: Misali Daga Gonakin Kankiya da Kusada

Idan damina ta yi nisa a Kankiya da Kusada, gero ya fara ƙosawa, yara kan wuni a gona da majajjawa suna korar jan-baki. Ƙaramin tsuntsu ne, amma dubbai suke tafe. In suka sauka kan bagaruwa ko magarya, nauyinsu har rassa yake karyawa.

A lura da ginin sunan: sifa (ja), harafin nasaba (-n), sannan suna (baki). Haɗuwarsu ta haifar da ma'ana guda sabuwa, domin ba kowane tsuntsu mai jan baki ake kira haka ba. Kalmar kuma ita ce sunan abin da mata ke shafawa a leɓe; muhallin magana ke rarrabewa.

Aiki: A fayyace ginin farar-ƙaya da baƙin-ciki.