DARASIN YAU: KUMBURIN CIKI DA MURƊAWA, BA KOWANNE NE OLSA BA



Akwai mai fama da ciki shekara da shekaru: ya ci abinci ciki ya kumbura kamar ganga, ga murɗawa, ga iska, yau gudawa gobe bahaya ya ƙi fita, in ya zaga sai ya ɗan ji sauƙi. Ya sha maganin olsa har ya gaji. Sau da yawa wannan ba olsa ba ce, larurar hanji ce da likitoci ke kira IBS. Hanjin ba shi da rauni, saurin jin zafi ne da shi.

Ga yadda abin ke faruwa. Wasu nau'o'in sukari da ke cikin abinci ba sa narkewa sosai a ƙaramin hanji. Sai su jawo ruwa, su gangara babban hanji, ƙwayoyin halittar da ke can su hau kansu. Kin ga yadda ƙullun waina ke tashi in ya kwana? To haka suke tashi a ciki, iska ta taru. Mai lafiyayyen hanji ba zai damu ba, mai IBS kuwa sai ya riƙe ciki. Masana a Jami'ar Monash ta Ostireliya, ƙarƙashin Farfesa Peter Gibson, su suka raɗa wa wannan rukuni suna FODMAP a 2005, suka tsara yadda ake rage shi.

Ƙaurace wa abinci don lafiya ba baƙo ba ne a wurinmu. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya dakatar da Sayyidina Aliyu daga cin dabino lokacin da yake farfaɗowa daga jinya. Dabino halal ne, mai albarka ne, jikin ne bai shirya ba.

Waɗanda ake dakatarwa: albasa da tafarnuwa su ne kan gaba, sai alkama (burodi, taliya, fanke, alkaki), wake da 'ya'yansa irin su ƙosai da alale da ɗanwake, madara, mangwaro, kankana, tuffa, da dabino in ya yi yawa. Nonon da ya yi tsami ya fi ɗanyar madara sauƙi, amma a makonnin farko a dama furar da ruwa.

Na san za a tambaya: zuma fa? Waraka ce, ba ma jayayya. Sai dai Ibnul Ƙayyim ya yi bayani cewa magani yana aiki ne in an dace da gwargwado da yanayin mara lafiya. Sukarin da ya fi yawa a zuma yana cikin masu tashi a hanji. Don haka mai wannan larura kada ya wuce ƙaramin cokali ɗaya a lokaci guda, ya bar shan rabin kofi da sassafe.

Alhamdulillahi, abincinmu na gado yana cikin masu sauƙi: tuwon dawa, na gero, na masara, shinkafa, kunu, koko, dankalin turawa, nama, kifi, ƙwai, gyaɗa, alayyahu, karas, gwanda, lemo da abarba. Uwargida, miya ba za ta yi lami ba. Ki sa lawashi, koren ganyen kawai, a madadin albasa. Ko ki soya tafarnuwa a mai ki tsame ta ki yar, ƙamshin zai zauna, abin da ke kumbura ciki kuwa ba ya narkewa a mai. Ki ɗebi miyar mara lafiya tun kafin ki zuba albasa a babbar tukunya, kuma ki kula, yawancin dunƙulen ɗanɗano akwai albasa a ciki.

Inda mutane ke kuskure shi ne su ji sauƙi su ce sun bar wake da albasa har abada. A'a. Dakatarwar mako 2 ce zuwa 6. Daga nan sai a dawo da su ɗaya bayan ɗaya: wake kaɗan yau, a ƙara gobe, a ƙara jibi, a rubuta abin da aka ji, a huta kwana 2 ko 3, sannan a gwada burodi. Wanda bai tayar da ciki ba ya koma kwano. Sau da yawa biyu ko uku ne masu laifin. Dogon ƙauracewa yana rage ƙwayoyin hanji masu amfani, kuma a gidan da wake ne naman yau da kullum, cire shi ba ƙaramin rashi ba ne. In mako 6 ya cika babu canji, a koma cin abinci yadda aka saba, a nemi wata hanyar.

Kafin a fara, a je asibiti a auna bahaya, don tsutsar ciki da atini suna kama da wannan. Wanda yake ganin jini a bahaya, ko yake ramewa, ko zazzaɓi, ko ciwon ke tashinsa cikin dare, ko ya fara masa bayan shekara 50, ya ga likita a nan Daura ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, kada ya tsaya gwajin abinci. Mai juna biyu, mai shayarwa da ƙananan yara kada a ɗora su kan wannan tsari sai da izinin likita.