Darasin noman rani: ƴan aiken da ke cikin tumatir

Darasinmu na wannan karo a kan tumatir yake. Kowa ya san tumatir da aka dasa a makare, wanda ya shiga zafin Maris da Afrilu. Sai ya tsaya cik, fure na zuba, ganye na ƙonewa, alhali mai garka yana ba shi ruwa da taki. Mene ne dalili? Amsar tana cikin ganye da saiwa. Ku karanta a hankali, wanda ya iya ya karanta wa wanda bai iya ba.

Ganye shi ne madafa

Da yawa daga cikinmu suna cewa taki shi ne abincin shuka. Taki kayan haɗi ne, kamar gishiri da kanwa. Abincin kansa ganye ne ke dafa shi. Yana haɗa abu uku: ruwa daga saiwa, hasken rana, da wata iska, irin wadda muke fitarwa in mun yi numfashi. Masana na kiranta iskar kabon. Da su ganye ke yin sukari, da sukarin kuma shuka ke yin reshe da fure da ƴaƴa.

Iskar tana shiga ta wasu ƙananan ƙofofi, mafi yawansu a bayan ganye. Ido ba ya ganin su. Amma ta ƙofar da iska ke shiga, ta nan ruwa ke fita. Shuka na cikin ciniki kullum: in ta buɗe ta sami iska ta yi asarar ruwa, in ta rufe ta tsare ruwa girki ya tsaya.

To, wa ke buɗewa da rufewa? Shuka ba ta da baki, ba ta da kunne. Amma tana da wasu sinadarai ƴan kaɗan da ke yawo cikin ruwan jikinta, suna kai saƙo tsakanin saiwa da ganye. Masana na ce musu homon. Mu a wannan darasi za mu kira su ƴan aike.

Ɗan aiken ƙishirwa

Sunansa ABA. Masana a Amurka sun fara fitar da shi a 1963, daga ƙananan ƴaƴan auduga. In ƙasa ta soma bushewa, ko busasshiyar iska ta yi yawa, sai ABA ya ƙaru cikin ganye, ƙofofi su rufe. A 1966 wani masani mai suna Tal ya yi nazarin wasu irin tumatir da ba sa iya rufe ƙofofinsu. Ko ƙasa na da damshi sai su yi yaushi. Daga baya aka gano ABA ne ya yi musu ƙaranci, da aka fesa musu shi sai suka miƙe. Ashe ɗan aiken nan mai ceto ne.

Amma ga inda matsala take. Ƙofa ta rufe, iska ba ta shiga, rana kuwa ba ta daina dukan ganye ba. Ku tambayi uwargida abin da ke faruwa in an bar tukunya kan wuta babu komai a ciki. Haka ganye yake. Ƙarfin ranar da ba a yi girki da shi ba sai ya koma yana haifar da abubuwa masu ƙuna. Ɗaya daga cikinsu shi ne irin ruwan nan mai kumfa da ake wanke rauni da shi a gidan likita. In kaɗan ne, shuka na amfani da shi wajen aika saƙo. In ya yi yawa, yana cin koren ganye daga ciki.

Allah ya hore wa shuka masu gadi da ke kashe wannan ƙuna. Cikinsu akwai bitamin C, da launin rawaya da ke ɓoye ƙarƙashin koren ganye. ABA da kansa yana sa shuka ta ƙara masu gadi. Shi ya sa ƙishirwar awa biyu da tsakar rana ba ta kashe tumatir. Amma in ana barin sa kwana da kwanaki ba ruwa, sannan a zo a malale shi, a sake barin sa, ƙuna na fin ƙarfin masu gadi. Gefen ganye ya ƙone, na ƙasa su yi rawaya su faɗi. Irin wannan ban ruwa ne kuma ke fasa ƴaƴa, yana sa gindinsu ya yi baƙi.

Don haka ruwa daidai a kan kari ya fi ruwa mai yawa jefi-jefi. Ku ba da shi da sassafe, kafin rana ta ɗaga, don ƙofofi su buɗe a lokacin da girki ya fi kyau. Ku shimfiɗa ciyawa ko karmami a gindin shuka. Ku yi dannin karan dawa ta gefen da iska ke kaɗowa. Aiki ne mai arha, kuma a ganinmu ya fi buhun taki na biyu amfani.

Ba kowane sunkuyon ganye ne ƙishirwa ba

Wannan wurin ku riƙe shi da kyau, musamman masu noma a ƙasar laka ta kwarin Maggiya da filayen ban ruwa na Ƙonni. Tun da injin ban ruwa ya yawaita, cika ruwa ya zama ciwo. In ruwa ya kwanta a gindin tumatir, saiwa ba ta samun iska. Sai ta aika saƙo sama, ganye ya soma fitar da wani ɗan aike mai suna etilen. A 1980 masana biyu a Kalifoniya, Bradford da Yang, suka nuna yadda saƙon ke hawa ta jijiyar ruwa, kuma a kan tumatir suka yi gwajin. Etilen na sa wuyan ganye ya lanƙwashe ƙasa. Mai garka ya hango, ya ce ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa. Ya ƙara wa mara lafiya ciwo ke nan.

Yadda za ku bambanta ba wuya. Ganyen ƙishirwa laushi gare shi kamar tsumma. Wanda ruwa ya soma yi wa yawa ya sunkuya, amma in ka taɓa shi da ƙarfinsa. Kafin ka tada inji, tona ƙasa da hannu zurfin yatsa, ka dunƙula. In ta dunƙulu tana maƙale wa hannu, bar ta sai gobe.

Etilen ɗin nan shi ne kuma ke nunar da ƴaƴa. Iska ce, tana tashi daga wannan tumatir ta taɓa na kusa da shi. Wanda ya fashe ko ya ƙuje ya fi fitar da ita. In kaya za su yi nisa, Tawa ko Yamai ko Sakkwato, ku tsince fasassu da nunannu luguf kafin a cika kwando.

Saiwa na da nata ɗan aiken mai suna sitokinin, wanda ke hana ganye saurin tsufa. Mai tsinke saiwa wajen dashe, ko mai nutsa hauya kusa da gindi, yana rage shi. A cire dashe da ƙasarsa, a dasa da marece.

Jan tumatir da zafin bazara

Jan launin tumatir sunansa likofen, shi ma mai gadi ne, yana kuma amfanar jikin mai ci. Amma ba ya son zafi. In zafi ya wuce digiri 30 zuwa 32, yin sa na raguwa, sai tumatir ya nuna rawaya-rawaya. Masu yanka kauda sun san wadda mai saye ke fara ɗauka. Fure ma haka: in rana ta kai wajen digiri 35 kuma dare bai yi sanyi ba, garin fure na lalacewa, fure ya zube. A ƙasarmu ta Adar, Afrilu na wuce digiri 40. Babu ruwan da zai gyara wannan. Gyaransa shi ne yin rainon iri da wuri, da ƙarshen damina, don fure ya faɗa cikin sanyin Disamba da Janairu. Kuma kada ku yi wa shuka aski. Ganye ne inuwar ƴaƴa, wanda rana ta daka kai tsaye gefensa na yin fari ya lalace.

Sai maganar famfon feshi. Maganin kashe ciyawa mai suna 2,4-D yana kwaikwayon wani ɗan aike na girma da ake kira oksin. Tumatir ba ya jure shi ko kaɗan. Ragowar da ta maƙale cikin famfo ta isa ta murɗe sabon ganye ya zama siriri. Ku ware famfon ciyawa daban. Murɗewar ganye na iya zama kuma cutar da farin ƙuda ke kawowa, don haka ku nuna wa malamin gona kafin ku sayi magani. Haka kwalaben da ake tallar su a kasuwa da sunan maganin girma: wanda ba shi da takarda mai faɗin awo, ku bar shi.

Ga gwajin da ƙungiyarku za ta iya yi a bana. Ku zaɓi fangali biyu, iri ɗaya, dashen rana ɗaya. Ɗaya a rufe gindinsa da ciyawa, ɗaya a bar shi. Ruwa daidai wa daida. Ku riƙa duba ganye da azahar. Wanda ya iya rubutu ya rubuta kwandon da kowane fangali ya bayar, ku aiko mana ta hannun malamin gona na yankinku, za mu karanta a shirin manoma.