Saƙon Gargaɗi a Wayar Hannu

A watan Oktoba na 2017 wutar daji ta tashi cikin dare a gundumar Sonoma ta jihar Kalifoniya, a Amurka. Iska na kaɗa ta, mutane na barci. Jami'an gundumar suna da hanyar watsa gargaɗi zuwa duk wayoyin da ke yanki, amma ba su yi amfani da ita ba. Sun ji tsoron saƙon zai kai ga dubban mutanen da wutar ba ta kusa da su, kowa ya fito da mota, hanya ta cushe. Wutar, wadda ake kira Tubbs, ta kashe mutum 22.

Uzurin nasu ba ya wanke su, amma matsalar da suka ambata gaskiya ce, kuma ta samo asali daga yadda saƙon yake tafiya. Ba lambar kowa ake bi ba. Ƙarfen sabis ne yake watsa shi, kamar mai shela a kasuwa, duk wayar da ke kusa sai ta yi ƙara ta nuna rubutun, ko da babu kuɗin kira a cikinta. Amurka ta fara wannan tsari a 2012. To, shi ƙarfen sabis bai san iyakar unguwa ba. A karkara ƙarfe ɗaya yana kai wa nesa sosai, sai gargaɗin ƙauye guda ya tashi mutanen ƙauyuka da yawa. Wanda kuwa aka tasa sau biyu ko uku a banza, wata rana zai kashe ƙarar, kuma wataƙila ranar ce haɗarin zai zo ƙofar gidansa.

Saboda haka hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta kafa sabuwar doka a 2018, ta fara aiki a ƙarshen 2019. Yanzu jami'i yana zana iyakar wurin haɗari a taswira, zanen ya tafi tare da saƙon. Wayar da kanta za ta duba inda take ta hanyar tauraron ɗan'adam. In tana cikin zanen ta yi ƙara, in tana waje ta yi shiru. Dokar ta ce kada saƙo ya ƙetare iyakar da fiye da kimanin mita 160. Tsofaffin wayoyi ba su iya wannan ba, sababbi ne suke yi. An kuma ƙara tsawon saƙo daga haruffa 90 zuwa 360, don a samu wurin faɗin abin da ya faru, da inda ya faru, da abin da mutum zai yi.

Gyaran na'ura kaɗai ba ya raba aikin da kuskure. Ranar 13 ga Janairu, 2018, wani ma'aikaci a jihar Hawai ya ɗauki atisaye a matsayin hari na gaske, ya aika saƙo cewa makami mai linzami na tafe. Sai bayan minti 38 aka aika na gyara. Daga nan a jihar aka ce dole mutum biyu su amince kafin saƙo ya fita, aka kuma tanadi saƙon janyewa. A Janairun 2025 ma, gargaɗin shirin barin gida da aka yi don yanki ɗaya na Los Angeles ya shiga wayoyin mutum kusan miliyan 10.

Wanda irin wannan saƙo ya shigo wayarsa, ya fara duba sunan wurin da aka ambata da hukumar da ta aiko, ya kunna rediyo don tabbatarwa. In wurinsu ne, ya bi umarnin nan take, ya kuma karanta wa maƙwabcin da bai iya karatu ba.