A Shiga Shikago Ta Karar Maigatari

Malaman Turanci na Gumel, Gagarawa da Sule Tankarkar, idan darasi ya kawo ku kan wani birnin Amurka, ku ɗauki Shikago, ku fara da abin da yara suka sani. Yaron da ya taɓa bin babansa Maigatari ranar Alhamis ya ga ana tura shanu cikin tirela za a yi Kudu da su, ya ji mai sa yana cewa "albarka" har dillali ya daidaita. Da irin wannan harkar Shikago ta yi suna. Daga 1865 zuwa 1971 jiragen ƙasa na sauke shanu a babbar kararta, har da aladu, a yanka, a rarraba nama sassan ƙasar.

Ku sa ɗalibi ya fara bayyana kasuwar Maigatari da Turanci, ko da jimla biyar ce, kafin ku karanta masa labarin ta Shikago. Kalmomin ciniki za su zauna masa daram.

Sai ku gangara tafkin Mishigan da ke gefen birnin, da hunturun dusar ƙanƙara, da gobarar da ta ci birnin a 1871. Ku kuma gaya musu akwai unguwannin talakawa a can, domin dogayen benaye kawai suke gani a Facebook.